Faɗakarwa a Kan Man Gyaɗa da Amanar Kasuwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ɓoye maiƙo a cikin busasshiyar ƙwaya, ya ɓoye shi a cikin nonon saniya da 'ya'yan itatuwa, sa'an nan ya sanar da ɗan Adam dabarar fito da shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci tun kafin a aiko shi, mutanen garinsu suka shaide shi da amana tun wahayi bai sauka ba, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙaramin abu ne da ya faru a gidana cikin hunturun da ya wuce. An aiki yaro da magariba ya sayo man gyaɗa kwalba ɗaya a bakin layi. Da gari ya waye sai ga man ya daskare, fari fat daga gindin kwalba har wuyanta, sai da aka jingina shi kusa da murhu kafin ya zubu. Mahaifiyata, Allah ya ƙara mata lafiya, wadda da kuɗin ƙuliƙuli ta saya mini allona na farko, ta karɓi kwalbar ta buɗe, ta shinshina sau ɗaya, ta ajiye. Ta ce, "Wannan ko ta gefen gonar gyaɗa bai taɓa wucewa ba." Na koma wurin mai shagon, mutumin da muke haɗa sahu da shi sau biyar a yini, na ce, "Alhaji, man nan na mene ne?" Ya ce, "Man gyaɗa ne mana, Malam." Na ce, "Da gyaɗa aka yi shi?" Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Wallahi, Malam, haka muke saro shi, haka kowa yake kiransa. Ban taɓa tambaya ba."

Ban zarge shi da ƙarya ba, don na san bai nufe ta ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Al'umma guda tana saye da sayar da abin da take ci safe da dare da sunan da ba nasa ba, mai saye bai tambaya ba, mai sayarwa bai bincika ba, malamai kuma ba mu ɗauki abin a bakin komai ba.

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah ya datar da ni da kai, cewa kaso mai yawa na farin man da ake aunawa a kasuwanninmu da sunan man gyaɗa, manja ne da aka wanke. A masana'anta ake tace shi, a cire masa jan launinsa da ƙanshinsa, sa'an nan a sanyaya shi ya rabu biyu. Mai kaurin ya tafi wurin masu sabulu da bota da biskit, mai ruwa-ruwan a ɗura shi a jarka. Shi ya sa da sanyi ya kaɗa sai asalinsa ya tona kansa. Wani man kuma na waken suya ne, wani na angurya, wani haɗin gambiza. Dukkansu halal ne, ba a kan halascinsu nake magana ba. Ina magana ne a kan yadda aka yi gyaɗa ta fice daga kwalbar ta bar sunanta, da kuma abin da ya biyo bayan haka.

Kada wani ya ce maganar mai ta mata ce da 'yan tireda, ba ta kai malami ya ɓata tawada a kanta ba. Allah ya yi rantsuwa da zaitun a farkon Suratut Tini. A Suratul Mu'uminuna ya ƙidaya itaciyar da ke fitowa a Dutsen Sina'a cikin ni'imominsa saboda man da take bayarwa da abin haɗin da masu ci suke samu daga gare ta. A Suratun Nuri kuwa, da zai buga misalin haskensa, da fitilar da ake kunnawa da man itaciya mai albarka ya buga. Malaman fiƙihu ma ba su raina abin ba. Duk wanda ya durƙusa a zaure ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya wuce ta kan zakkar zaitun da riɗi, inda aka ce idan ƙwayar ta kai nisabi daga manta ake fitarwa. Ya kuma wuce ta kan hukuncin ɓeran da ya mutu a cikin mai: in man narkakke ne ba a ci, sai dai a kunna fitila da shi a wajen masallaci, in daskararre ne a cire ɓeran da abin da ke kewaye da shi a ci saura. Dubi yadda magabata suka leƙa har cikin tulun mai don kada Musulmi ya ci abin da bai sani ba. Gyaɗa ba ta zo a waɗancan littattafai ba saboda a zamaninsu ba ta iso ba. 'Yar Kudancin Amurka ce, Turawan Fotugal suka tsallako da ita gaɓar Afirka a ƙarni na 16, ta biyo hanyoyin fatake har ta sami ƙasar jigawa ta zauna kamar don ita aka halicce ta.

Na tashi na ga yadda ake fitar da man na gaskiya, kuma ina so matashin da bai gani ba ya ji. Tun yammacin jiya an soya gyaɗar a babban kasko, ana juyawa ba tsayawa don kada ta ƙone. An murje ta, an sheƙe jan ɓawon a faifai, sa'an nan a zauna a tsince ruɓaɓɓu da masu ɗaci ɗaya bayan ɗaya. Da asuba a kai inji a niƙo. A juye kullun a turmi, a riƙa ɗiga masa ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da taɓarya. Da fari yana malala, can sai ya fara kama jikinsa, ya yi duhu, ya dunƙule, sai ka ga mai yana tsattsafowa ta gefe kamar gumi a goshin manomi, har ya taru ya kwanta a kwashe da ludayi. Abin da ya rage, wato tunkuza, a ɗora shi a kan allo a karkace, mace ta durƙusa ta ɗora duk nauyinta a kan tafin hannuwanta tana matsa, man yana gangarowa cikin kwano. Daga nan a mulmula, a soya ƙulin a cikin man da ya fito daga jikinsa. Ba a zubar da komai. Harawa ta tumaki ce, ɓawo na murhu, ƙuli na yajin tsire da kwaɗon rama da zogale. Gidaje nawa aka aurar da 'ya'yansu da wannan matsar, marayu nawa aka raina da ita, Allah kaɗai ya san adadinsu.

Waccan tsincewar da iyayenmu suke yi, ashe rabin lafiyar gida ce. Gyaɗar da ta yi hunhuna tana ɗauke da wata guba da likitoci suke kira afulatoksin, mai cin hanta a hankali, mai hana yara girma. Duniya ba ta gano ta ba sai a 1960, bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila saboda an ba su abincin da aka haɗa da dusar gyaɗa mai hunhuna. Tacewar masana'anta tana raba mai da ita, amma tana zama a cikin ƙuli da man da aka matsa a gida idan ba a tsince ba. Wadda ta sayi ruɓaɓɓiyar gyaɗa don arha ta niƙa gaba ɗaya, ta sani 'ya'yan mutane take shayar wa cuta. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona don rage wannan guba, amma manoma da yawa ko sunansa ba su ji ba.

To, ya aka yi muka zo nan? Gyaɗa ta tashi daga abincin gida ta zama dukiyar ƙasa ne da zuwan jirgi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suke so don masaƙunsu na Ingila, har sun shirya mata wuraren gurza. Manomin Kano ya yi nasa lissafin. Gyaɗa ta fi kuɗi, tana gyara ƙasa, in kuma kasuwa ta ƙi ana iya cinta, ita kuwa auduga ba a tuƙa tuwo da ita. A daidai lokacin masana'antun Turai sun gano yadda ake daskarar da man ƙwaya ya zama bota, don haka ko nawa aka kai musu saye suke yi. Fataken goro da suka saba da hanyar Gwanja, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suka juya jarinsu, suka bazu ƙauyuka da gishiri da tufafi suna ƙulla ciniki. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000. A cikin waɗannan fatake ne Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi fice, kuma da sunansa ake tuna dalar gyaɗa, wadda guda ɗaya kan ɗauki buhu har 15,000.

Muna ambaton dalar nan da alfahari, ni ma ina yi. Amma gaskiya ta fi alfahari. Dala ɗanyar gyaɗa ce da ke jiran taragon da zai kai ta Ikko, saboda jirgin ba ya iya kwashe ta a kan kari, daga can a loda ta a jirgin ruwa zuwa Turai. A can ake matse man, a can ake samun dusar da ake ba shanu, a can leburan masana'anta yake karɓar albashi. Gaskiya ne daga baya an kafa injinan matsar mai a Kano, unguwar Bompai ta shahara da su. Amma ginshiƙin cinikin shi ne mu noma, wani ya matse. Hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949, wadda ta koma hannun Jihar Arewa a 1954, ita ke yanke farashi, kuma tana biyan manomi ƙasa da abin da take sayarwa a waje. Da rarar aka yi wa Arewa ayyuka masu yawa a zamanin Sardauna, Allah ya jiƙansa, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai wanda ya biya kuɗin shi ne talakan da ya ɗauko buhu a kan jaki, ya ratsa 'yan baranda, ya tsaya gaban sikelin da bai iya karantawa ba. Shi ya sa duk shekarar da farashi ya fi kyau a Maraɗi ko Damagaram gyaɗa kan tsallaka iyaka da dare, in ya fi kyau a Kano ta juyo.

Sai jarrabawa ta zo a jere. Fari ya kama daga 1972 zuwa 1974. Kafin a farfaɗo, a 1975 kuturtar gyaɗa, wadda ƙwaron darɓa yake yaɗawa, ta cinye wajen hekta 700,000 a Arewa. Manomi ya shuka ya ga ganye ya murtuke ya ƙi tashi, bai maida ko irinsa ba. A lokacin kuɗin fetur sun cika baitulmali, babu wanda ya juyo ya dube shi. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona gaba ɗaya. An sauke wa manomi wani nauyi, amma da shi aka tafi da masu duba ingancin kaya da masu raba iri.

A nan akwai kuskuren da ya kamata a gyara. Mutane suna cewa gyaɗa ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Abin da Nijeriya take nomawa yau ya kai tan miliyan 4 da ɓawonsa, ya ninka na zamanin dala, kuma har gobe tana cikin manyan ƙasashen gyaɗa a bayan Sin da Indiya. Bakunan ne suka ƙaru. Ƙidayar 1963 ta ba da mutum kusan miliyan 56, yau mun haura miliyan 200, kuma girkin birni ya koma suya: ƙosai, awara, dankali, taliya, cincin. Gona kuwa ba ta ƙara yawan abin da take bayarwa a kowace hekta ba. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar da irin da ake kira SAMNUT, masu jure kuturta, wasu masu nuna da wuri, amma ka shiga ƙauye za ka tarar da 'yar Dakar da mai bargo da aka gada, ana ta maimaita su har sun gaji.

Ta wannan giɓin manja ya shigo, kuma labarinsa ya fi na gyaɗa ban takaici. Itaciyar kwakwar manja 'yar asalin Afirka ta Yamma ce. Saboda manta ne Turawan Ingila suka sa wa yankin bakin Neja suna Kogunan Mai, tun ba a san akwai fetur a ƙarƙashinsa ba, kuma rigimar cinikinsa ce ta sa suka kama Sarki Jaja na Opobo a 1887 suka raba shi da ƙasarsa. Har farkon shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya. Yau Indunusiya tana samar da sama da tan miliyan 40 a shekara, Malesiya tsakanin 18 da 20, su biyun sun riƙe kusan kashi 85 cikin 100 na manjan duniya. Mu muna wajen tan miliyan 1.5, wanda bai ishe mu ba, sai mun sayo ciko.

Na sha jin ana cewa, har a kan mumbari, wai daga Nijeriya Malesiya ta ɗauki irinta bayan samun 'yancin kai. Ya kamata mai ilimi ya tace magana kafin ya ɗauke ta. Tun 1848 aka dasa tsirrai huɗu na wannan itaciya a lambun Bogor da ke tsibirin Jaba, kuma a 1917 aka buɗe gonar kasuwanci ta farko a Malaya. Gaskiya ne masu bincikensu sun zo Nijeriya a 1973 sun tattara iri don inganta nasu, kuma daga Kamaru suka ɗauki ɗan ƙwaron da yake yi wa itaciyar barbara a 1981. Amma ba sace mana arziki suka yi ba, aiki suka yi. Sun kafa hukumar FELDA a 1956, ta riƙa yanka wa talakan da ba shi da gona fili da gida, a dasa masa itatuwa, ya biya a hankali. Abin da ya fi taɓa ni shi ne asusun alhazansu, Tabung Haji, da aka fara a 1963. Talaka yana tara 'yan kuɗinsa don aikin Hajji, asusun yana juya su ta hanyar halal, kuma cikin abin da ya zuba jari har da gonakin manja. Musulmi 'yan'uwanmu suka maida itaciyarmu guzurin zuwa Makka. Mu kuwa muna da cibiyar binciken manja kusa da birnin Benin tun 1939, amma har yanzu mafi yawan manjanmu daga tsofaffin itatuwa da ƙananan gonaki yake fitowa, ana matse shi ta hanyar da take barin mai da yawa a cikin tuƙa.

Dalilin da ya sa manja ya kori gyaɗa daga kwalba lissafi ne, ba makirci ba. Hekta ɗaya ta kwakwa da ake kula da ita tana ba da mai tan 3 zuwa 4 a shekara. Hekta ɗaya ta gyaɗa irin ta gonakinmu, man da za a samu bai kai rabin tan ba. Mai ƙosai ba za ta sayi mai tsada alhali ga mai arha ba, kuma babu wanda zai ga laifinta.

Hukuma ta yi ta ƙoƙarin tare ƙofa. An ɗora wa ɗanyen manjan waje harajin kashi 35 cikin 100. A Yunin 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa man girki cikin kaya 41 da ya hana wa dala a farashin hukuma, bai janye ba sai a Oktoban 2023. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu har zuwa Disamban 2020. Duk da haka jarkoki ba su fasa shigowa ta Kwatano da hanyoyin daji a kan babura ba, domin rufe ƙofa ba ya dasa itaciya. Sa'an nan a 2022 yaƙin Rasha da Yukuren ya tare man da yake fitowa daga can, Indunusiya kuma a ƙarshen Afrilu ta hana fitar da manjanta na wajen mako uku don ta sauƙaƙa wa mutanenta. Ba mu san ranar da aka yi wannan shawara ba, amma mun gan ta a faranti: ƙosai ya ƙanƙance, mai waina ta koma shafa tanda da tsumma, uwar gida ta koma sayen ƙulli-ƙulli a leda. Da darajar naira ta faɗi daga Yunin 2023 abin ya ƙara tsanani. Ƙasar da tukunyarta take jiran hukuncin wata ƙasa, akwai sauran magana a kan 'yancinta.

Tsada jarrabawa ce daga Allah, amma algus aikin hannunmu ne, kuma a nan ne tsorona yake. Allah ya saukar da sura guda da sunan masu tauye mudu, ya buɗe ta da narko. Ya ba mu labarin mutanen Madyana, waɗanda Annabi Shu'aibu ya yi ta yi wa gargaɗi a kan ma'auni har aka halaka su. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sa'an nan ya barranta daga mai algus. To, yau wane hannu ne zai shiga cikin jarka? Akwai kwalbar awo da aka zaɓa don tudun da ke gindinta. Akwai jarkar da aka rubuta wa lita 25 alhali an zuƙe biyu an maida murfi. Akwai mai zuba ludayi ɗaya na man gyaɗa na gaske a kan wankakken manja don ƙanshi ya tashi, ya karɓi kuɗin na gaske. Akwai mai cuɗa bota da man shanu, ya ɓata wa Bafillatanar kirki suna. Akwai baƙin man da aka soya kifi da kaza da shi har ya gaji, a tace a sake sayar wa talaka. Mafi muni, akwai masu zuba rini a manja don ya yi ja wur, rinin da aka yi don fata da roba, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi cewa yana iya jawo ciwon daji. Wanda ya yi wannan ya tashi daga tauye mudu ya shiga hakkin rai, ko da kuwa shi ne a sahun farko.

Akwai kuma hasarar da ba a gani. Tun 2002 doka ta wajabta sa sinadarin bitamin A a cikin man girki, shi ne alamar ido da kake gani a jikin galan, don kare yara daga dundumi da raunin jiki. Man da ake aunawa daga duron da ba a san asalinsa ba, babu mai ba ka tabbacin an sa masa, wanda aka sa wa ma in ya yini a rana a kan tebur amfanin yana raguwa. Jan manja kuwa Allah ya halicce shi da wannan amfani a cikin launinsa, sai mu ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi ya yi fari, mu ƙone abin da muke nema da kuɗi.

Haka abin yake a bakin gona. Manomi ya rasa kuɗin taki da damina, mai kuɗi ya ba shi da sharaɗin ba da kaka, ya karɓi buhu biyu a kan kuɗin da bai kai na ɗaya ba. Shari'a ta halatta a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, da awo sananne da lokaci sananne, kuma don sauƙaƙa wa manomi aka halatta. Wanda ya maida wannan rangwame wuƙar yanka mabuƙaci ya je ya shirya amsarsa. Sayen kaya da kaka a ajiye ba laifi ba ne a lokacin yalwa. Amma malamanmu na Malikiyya sun hana ɓoye duk abin da ɓoye shi zai cutar da kasuwa, kuma mai yana ciki. Wanda ya kulle sito cike da jarkoki yana jiran azumi ya matso, ya san abin da yake jira.

Ga shugabanni kuwa, babu abin da zan tuna musu da ya wuce Sayyidina Umar a Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira. Da yunwa ta kama mutane, man shanu ya yi tsada, sai ya haramta wa kansa shi har sai talakawa sun samu. Ya koma cin gurasa da man zaitun har cikinsa yana ƙugi, har launin fatarsa ya sauya. Bai tsaya a nan ba, ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci, ayari ya riƙa shigowa Madina, ya tsaya da kansa a kan rabo. A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da manoma da masu sana'a cikin aikin sarki. Sana'ar matsar mai tana cikin waɗannan. Har yau riɗinmu na Jigawa da Nasarawa da Binuwai ɗanye yake bi ta kasuwar Dawanau ya tafi Japan da Sin da Turkiyya, tamkar dalar gyaɗa ce ta sake tashi da wani suna. Ƙwaryar kaɗanya ma haka, wadda matan Neja da Kwara da Kebbi suke tsinta da asuba cikin raɓa da tsoron maciji. A Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ita ɗanya na wata 6 don a riƙa sarrafa ta a gida. Niyyar mai kyau ce, amma farashi ya faɗi nan take, kuma a kan matan nan ya faɗa. Kamata ya yi inji ya riga doka isa ƙauye. Itaciyar kanta ma ana ta sare ta ana gawayi, alhali tana shekaru masu yawa kafin ta fara 'ya'ya.

In koma kan kwalbar da na fara da ita. Wani ɗalibi zai ce ai suna ya bi al'ada, tunda kowa yana kiran farin mai man gyaɗa, babu yaudara. Na yarda da shi a wuri ɗaya: inda mai saye ya san abin da yake saye, kuma aka sayar masa a kan farashinsa, ciniki ya inganta. Amma inda ya zo neman na gyaɗa don ƙanshinsa ko don lafiyarsa, aka miƙa masa wani aka yi shiru, ko aka gauraya aka karɓi kuɗin tsantsa, wannan algus ne, al'ada ba ta wanke shi. Kuma wannan shirun shi yake kashe kasuwar mai ƙulin da ta tsince, ta niƙa, ta matsa da ƙarfinta, domin an sa gaskiyarta gasa da abin da ya ari sunanta.

Sayyidina Umar ya kasance yana hana wanda bai san hukuncin ciniki ba zama a kasuwar Madina. Saboda haka ina roƙon limaman masallatan kasuwa, daga Singa da Dawanau har kasuwar ƙauye mai ci mako-mako, su ware ko da karatu ɗaya a wata a kan babin ciniki, su kira kwalba da jarka da rini da sunansu. Ina roƙon sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan mai su ajiye ma'aunin lita na gaskiya a inda kowa zai iya zuwa ya gwada. Kai kuma Alhaji mai shago, gobe in ka je sari ka tambayi dila man na mene ne, in yaro ya zo da kwalba ka gaya masa abin da aka gaya maka.